Ƙarfen nauyi na ƙaramar tarakta: amfaninsa da yadda ake ƙera shi

Gabatarwa

A wuraren noman rani na ƙasarmu, kamar Jiratawa a jihar Maraɗi, da Birnin Ƙonni da Galmi a jihar Tawa, da fadamun Korama a jihar Damagaram, da gonakin shinkafa na bakin kogin Isa, ana samun manoma da ƙungiyoyin manoma masu aiki da ƙananan injunan noma. Wasu daga cikin waɗannan wurare suna ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, wadda aka kafa a shekara ta 1978 domin kula da filayen noman ban ruwa. Injunan iri biyu ne. Akwai ƙaramar tarakta mai taya 4, wadda ake hawa a tuƙa. Akwai kuma mai taya 2, wadda mutum ke riƙe da hannuwanta yana bin ta a baya.

Masu aiki da waɗannan injuna suna yawan kawo kuka guda. Sukan ce: inji yana da ƙarfi, yana ruri, amma da an kafa garma a ƙasa sai tayoyi su riƙa juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami. Mai yana ƙonewa, taya tana cinyewa, aiki ba ya ci gaba. Sau da yawa lafiyar injin ƙalau. Abin da ya rasa shi ne nauyi.

Wannan bayani zai nuna dalilin haka, da yadda manomi zai gane ko injinsa yana bukatar ƙarin nauyi, da yadda mai walda na gari zai ƙera ƙarfen nauyi daga tsofaffin ƙarafa. Zai kuma nuna haɗarin da ke cikin aikin, domin nauyin da aka ɗora ba daidai ba yana iya kifar da tarakta a kan mai tuƙa ta.

Mi ya sa taya ke sulɓewa?

Ƙarfin tarakta yana fitowa daga inji, amma ta hanyar taya yake isa ƙasa. Taya ba ta iya ja sai ta kama ƙasa, kuma ba ta kama ƙasa sai da nauyin da ke danne ta. Ku dubi yaro da ƙaton mutum idan suna jan igiya a kan rairayi. Ko da yaron yana da ƙarfin hannu, ƙafafunsa za su zame, domin ba shi da nauyin da zai kafe shi. Haka ƙaramar tarakta take.

Irin ƙasa ma yana da nasa tasiri. A jigawa, rairayi yana watsewa a ƙarƙashin taya. A fadama mai laka, idan ƙasa ta jiƙe, santsi ne ke hana taya kamawa. A ƙasa mai tauri kuwa, garma ce ke yin nauyin ja, sai ta fi ƙarfin kamun taya.

Sai dai a sani, ɗan sulɓi kaɗan ba laifi ba ne. Masana aikin injunan noma sun nuna cewa tarakta mai ja da tayoyin baya ta fi yin aiki mai kyau idan sulɓinta yana tsakanin kashi 10 da kashi 15 cikin 100. Wannan ɗan sulɓi kariya ce ga inji. Idan garma ta ci karo da dutse ko saiwa, gara taya ta zame da haƙorin giya ya karye.

Yadda ake auna sulɓi a gona

Kafin a kashe kuɗi wurin mai walda, a fara aunawa. Ana bukatar mutum 2, da alli ko fenti, da turaku, da igiyar awo.

1. A yi alama babba a gefen tayar baya.
2. A ɗaga garma sama, a tuƙa tarakta cikin gonar da za a nome. Mutum na biyu ya kafa turke a inda alamar ta taɓa ƙasa, ya ƙirga juyi 10, ya kafa turke na biyu. A auna tsakanin turakun.
3. A kafa garma a ƙasa daidai zurfin da ake so a yi huɗa. A sake tuƙawa da giya ɗaya da ta farko, a ƙirga juyi 10, a auna.
4. A cire awo na biyu daga awo na farko. Abin da ya rage shi ne tafiyar da sulɓi ya cinye.

Ga misali. Ba tare da garma ba, juyi 10 ya ba da mita 20. Da garma a ƙasa, juyi 10 ya ba da mita 15. An yi asarar mita 5 cikin 20, wato kashi 25 cikin 100. Wannan sulɓi ya yi yawa, tarakta tana bukatar nauyi. Da a ce awo na biyu ya ba da mita 17 ko 18, to nauyinta ya yi daidai, kada a ƙara mata kome. Idan kuwa ya ba da mita 19 da rabi, nauyinta ya yi yawa ga wannan aiki.

Sawun taya ma yana ba da labari. Idan zanen taya ya fito sarai a ƙasa kamar an buga hatimi, babu inda ya motsa, nauyi ya yi yawa. Idan zanen ya goge gaba ɗaya, ƙasa ta dagule, nauyi ya yi kaɗan. Sawu mai kyau shi ne wanda ake ganin zanen taya, amma ƙasar da ke tsakanin zane da zane ta ɗan tsage ta matsa baya.

A duba abu 3 kafin a ɗora laifi a kan nauyi. Na farko, iskar taya: taya mai iska fiye da kima ba ta shimfiɗuwa a ƙasa, saboda haka ba ta kamawa. Na biyu, haƙoran taya: idan sun cinye, ko an juya taya baibai wurin ɗaurawa, nauyi ba zai yi magani ba. Na uku, garma: idan bakinta ya dakushe, ko ta fi ƙarfin injin, sai a gyara ta ko a rage zurfin huɗa.

Mi ya sa aka fi son ƙarfe?

Ƙaramar tarakta ba ta da wurin ɗora kaya mai yawa. Saboda haka ana neman abu mai nauyi wanda ba ya cin wuri. Idan aka ɗauki gwangwani mai cin lita 1 aka cika shi da abubuwa dabam-dabam, ga nauyin da za a samu:

Ruwa: kilo 1.
Busasshen rairayi: kimanin kilo 1 da rabi.
Kankare, wato siminti da rairayi da tsakuwa: kimanin kilo 2 da giram 300.
Ƙarfen zubi: kimanin kilo 7 da giram 200.
Baƙin ƙarfe irin na walda: kilo 7 da giram 850.

Ke nan ƙarfe ya ninka kankare fiye da sau 3, ya ninka rairayi kimanin sau 5. Bayan haka, ƙarfe ba ya zubewa kamar buhun rairayi, ba ya farfashewa kamar dutse, kuma ana iya huda shi a ɗaure da ƙusa mai noti, a kwance shi ranar da ba a bukatarsa.

Wasu sukan ɗora yaro ko abokin aiki a bayan tarakta domin ya ƙara mata nauyi. Wannan ɗabi'a ce mai haɗari ƙwarai. Ƙaramar tarakta kujera ɗaya gare ta, ta mai tuƙi. Wanda ya faɗo daga baya, a gaban garma yake faɗuwa.

Lissafin nauyin ƙarfe

Ana sayar da tsohon ƙarfe da kilo. Wanda ya iya lissafi zai san abin da zai saya tun daga gida. Ga ƙa'ida mai sauƙi: a auna tsawo da faɗi da kauri da santimita. A ninka tsawo da faɗi, a ninka abin da aka samu da kauri, sannan a ninka da 8. Amsar ita ce nauyin ƙarfen da giram, da ɗan ƙari kaɗan.

Misali: fallen ƙarfe mai tsawon santimita 30, faɗi 20, kauri 2. 30 sau 20 ya ba da 600. 600 sau 2 ya ba da 1200. 1200 sau 8 ya ba da giram 9600. Ke nan fallen ya kai kilo 9 da rabi ko ƙasa da haka kaɗan.

Idan ƙarfen kewayayye ne kamar faifai, a yi lissafin kamar mai kusurwa 4 ne, sannan a ɗauki kashi 4 cikin 5 na amsar. Falle mai santimita 30 a kowane gefe da kauri 2 yana da kimanin kilo 14. Faifan da aka yanka daga cikinsa zai yi kimanin kilo 11.

Ƙarfen gini ma yana da nasa lissafi. Mita 1 na mai kaurin milimita 12 ya kusa giram 900. Mita 1 na mai milimita 16 ya ɗara kilo 1 da rabi kaɗan.

Ina ake ɗora nauyi?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Tarakta kamar sikeli take: abin da aka ɗora a gefe ɗaya yana ɗaga ɗaya gefen.

A kan taya. Nan ne wuri mafi kyau ga nauyin da ake so ya hana sulɓi. Ƙarfen da aka ɗaura a jikin taya yana danne ƙasa kai tsaye. Ba ya ɗora kaya a kan sandar da tayoyi ke juyawa a kanta, ba ya gajiyar da boris. Kuma yana ƙasa-ƙasa, sai ya ƙara wa tarakta zama da gindinta a wuri mai gangara.

A gaba. Idan aka rataya garma mai nauyi a baya, gaban tarakta yana yin sakayau. Tayoyin gaba ba sa kama ƙasa sosai, sai a juya sitiyari amma tarakta ta ƙi juyawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce, kada nauyin da ke kan tayoyin gaba ya kasa kashi 1 cikin 5 na dukan nauyin tarakta da kayan da ke jikinta. Ƙarfen gaba shi ne maganin wannan.

A baya. Ana sa nauyi a baya idan akwai kayan aiki a gaba, kamar ƙarfen ture ƙasa. Amma a kula da wannan lissafi. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya santimita 150 ne. Aka rataya kilo 30 a baya, nesa da tsakiyar tayoyin baya da santimita 50. Wannan nauyi zai ƙara wa tayoyin baya kilo 40, ya rage wa na gaba kilo 10. Yadda duk aka ƙara nisanta shi baya, haka gaba ke ƙara ɗagawa. Saboda haka a matso da shi kusa da jikin tarakta.

A kowane wuri, a ajiye nauyi ƙasa-ƙasa. Nauyin da aka ɗora sama da tsayin taya yana sa tarakta saurin kifewa ta gefe, musamman a bakin magudanar ruwa da kan kunya.

Zaɓen ƙarfe a kasuwa

Ana samun tsofaffin ƙarafa a wurin masu sayar da su a manyan garuruwa, kamar kasuwar Katako a Yamai, da garejin manyan motoci, da wurin masu walda. Ba kowane ƙarfe ne ya dace ba.

Baƙin ƙarfe mai laushi, wato irin fallen da ake yin ƙofa da tankin ruwa da shi amma mai kauri, shi ne ya fi. Yana yankuwa, yana huduwa, yana karɓar walda. A nemi mai kaurin santimita 1 zuwa 2. Idan ba a samu mai kauri ba, ana iya jera falle 2 ko 3 a haɗe su da walda.

Ƙarfen zubi, irin wanda ake samu a kwanon birki na manyan motoci, yana da nauyi kuma sau da yawa kewayayye ne. Ana iya huda shi a ɗaure da ƙusa. Amma ba ya karɓar walda da sandar walda ta yau da kullum: yakan tsage idan ya huce. Kada a dogara da walda wajen riƙe shi.

Ƙarfen sifirin na mota yana da tauri ƙwarai. Maƙera suna son sa domin wuƙa da gatari. Amma yana wahalar hudawa, kuma waldarsa tana iya ɓallewa. A ajiye shi domin cika akwati kawai.

Mai walda yana iya bambanta su da tartsatsi. Idan ya goga ƙarfe a dutsen inji, mai laushi yana fitar da dogon tartsatsi mai haske. Ƙarfen zubi yana fitar da gajeren tartsatsi ja. Mai tauri irin na sifirin yana fitar da tartsatsi mai yawa da ke fashewa kamar taurari.

Akwai abubuwan da bai kamata a saya ko a yanka ba. Kada a sa wuta a jikin duro ko tanki da ya taɓa ɗaukar mai, ko da an ga babu kome a cikinsa, domin tururin man da ya rage yana fashewa. Haka tukunyar gas, da duk wani rufaffen ƙarfe da ba a san abin da ke cikinsa ba. Idan aka tsinci ƙarfe a daji mai kama da kayan soja, kada a taɓa shi, a sanar da hukuma. Kada kuma a sayi ƙarfen da aka kwance daga kayan jama'a, kamar ƙofofin magudanar ruwa da ƙarafan gada.

Wasu sukan fasa tsohon batir su narka dalmar da ke ciki, domin dalma ta fi ƙarfe nauyi. A guji wannan. Dalma guba ce, ƙurarta da hayaƙinta suna lalata ƙwaƙwalwar yara. A shekara ta 2010, a jihar Zamfara ta Najeriya, ƙurar dalma da ta fito daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Babu huɗar da ta kai ran yaro.

Ƙera faifan taya

1. A duba ƙarfen tsakiyar taya, wanda makanikai ke kira janti ko rim. A yawancin ƙananan taraktoci akwai huda da masana'anta ta bari domin ɗaura nauyi. Su za a yi amfani da su.
2. A yanka kwali daidai cikin ƙarfen tayar. A danna shi, a yi alamar kowace huda, da wurin bakin iska, da wurin notocin da ke riƙe da taya. Wannan kwali shi ne ma'aunin aiki. Gara a ɓata kwali 5 da a ɓata falle ɗaya.
3. A ɗora kwalin a kan ƙarfe, a zana da alli, a yanka. Faifan ya ɗan fi cikin ƙarfen taya ƙanƙanta, domin ya shiga ba da dole ba.
4. A yanke gurbi a wurin bakin iska, yadda za a iya sa iska ba sai an kwance faifai ba.
5. A huda da injin huda ƙarfe, a riƙa ɗiga mai a bakin mahudi domin kada ya ƙone. Hudar da aka ƙona da sandar walda ba ta fita daidai, ƙusa takan yi wasa a cikinta.
6. A goge bakin faifan duka har ya daina kaifi.
7. A ƙera na biyu kamar na farko. A ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Dole nauyinsu ya zama ɗaya, kuma hudojin su kasance daidai da tsakiya. Faifan da ya karkace yana sa taya rawa, rawa kuma tana kwance noti.
8. A shafa fentin hana tsatsa. Bayan ya bushe, a rubuta nauyin kowane faifai a jikinsa da farin fenti.
9. A ɗaura da ƙusoshi masu noti da suka cika hudar. A zaɓi waɗanda aka buga lamba 8.8 a kansu, domin sun fi ƙarfi. A sa washa, a ɗaure da noti 2, ɗaya a bayan ɗaya.

Kada faifan ya fito waje fiye da faɗin taya sosai, domin zai riƙa kama shuka da turakun shinge da ƙafar mutane.

Ga gargaɗi babba. Kada a taɓa yin walda a jikin ƙarfen taya alhali roba tana kansa. Zafi yana sa robar ta fitar da iska mai kama wuta a ciki, taya ta fashe da ƙarfi, ko da an sace iskarta tun farko. Wannan fashewa tana kashe mutum. Faifai da ƙusa ake ɗaura shi, ba da walda ba.

Ƙera ƙarfen gaba

Ƙarfen gaba kashi biyu ne: maratayi da fallaye. Maratayi shi ne ƙarfe mai kusurwa, mai kauri, wanda ake ɗaurawa a gaban tarakta da ƙusoshi, a hudojin da ke jikin gangar tarakta. Kada a yi masa walda a jikin inji ko a sandar tayoyin gaba. Kada kuma ya tare iskar da ke sanyaya inji, ko ya rufe fitila.

Fallayen kuwa a yanka su girma ɗaya. Falle mai santimita 30 da 20 da kauri 2, wanda muka yi lissafinsa, ya dace. A yanke ƙugiya a gefe ɗaya wadda za ta hau maratayi. A lanƙwasa guntun ƙarfe a yi masa mariƙi a sama. A huda kowane falle a wuri ɗaya, domin a zura doguwar ƙusa ta ratsa su duka ta riƙe su. Falle da aka rataya ba a ɗaure ba zai yi tsalle ya faɗo a hanya mai gargada.

Amfanin wannan tsari shi ne, ana ƙarawa ana ragewa. Yau a rataya 2, gobe a rataya 4, gwargwadon aikin da za a yi. Kada guda ɗaya ya wuce kilo 20, domin mutum ɗaya ya iya ɗaga shi ba tare da ya ji ciwon baya ba.

Akwatin ƙarfe mai kankare

Idan ba a samu falle mai kauri ba, ana iya haɗa akwati da falle marar kauri sosai, a cika shi da guntayen ƙarafa: tsofaffin notoci, da guntun ƙarfen gini, da ɓallin sifirin. Akwati mai tsawon santimita 40, faɗi 20, zurfi 20 yana cin lita 16. Da rairayi zai yi kimanin kilo 25. Da kankare zalla zai yi kimanin kilo 37. Idan rabinsa ƙarfe ne rabi kankare, zai kai kimanin kilo 80, ban da nauyin akwatin kansa. Wannan ya yi wa ƙaramar tarakta yawa a wuri ɗaya, saboda haka gara a yi ƙananan akwatuna 2 ko 3.

A kwaɓa siminti awo 1 da rairayi awo 3, da ɗan ruwa-ruwa domin ya shiga tsakanin ƙarafa. A jera ƙarfe, a zuba kwaɓi, a bubbuga gefen akwati da guduma har iska ta fita. A fara sa ƙusoshin ɗauri a wurinsu kafin a zuba siminti. A rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7.

Ruwa a cikin taya

Akwai wata hanya mai araha ga taya mai robar ciki. A ɗaga tayar da jak, a juya bakin iska ya koma sama, a cire ƙwayar bakin, a ɗura ruwa mai tsabta ana barin iska tana fita. Idan ruwa ya kai bakin iska, a tsaya. A nan taya ta cika kashi 3 cikin 4. Sauran kashi ɗayan na iska ne, shi ke sa taya ta yi laushi. A mayar da ƙwayar baki, a sa iska daidai kima. Kowace lita ta ƙara kilo 1. A ƙasashe masu sanyi ana haɗa ruwan da wani gishiri domin kada ya daskare. Mu nan ba mu da wannan bukata, kuma gishirin yana cin ƙarfe.

Inji mai taya 2

Ga injin da ake bi a baya, faifan taya shi ne ya fi amfani a busasshiyar ƙasa. Ƙaramin ƙarfe a gaba kuma yana rage nauyin hannuwa, mai aiki ya huta da ɗagawa a ƙarshen kowace kunya. Amma a fadamar shinkafa mai ruwa, ƙarin nauyi yana nutsar da inji ne kawai. A can ana cire tayoyin roba a sa tayoyin ƙarfe masu faɗi, masu kama da keji.

Nawa ne ya isa?

Kowace tarakta da iyakarta. Littafin da ya zo da ita yana faɗin nauyin da za ta iya ɗauka, kuma a gefen kowace taya an rubuta iyakar kayan da take ɗauka. Wanda bai iya karanta harshen da aka rubuta ba, ya nemi malamin gona ko makaniki ya duba masa. A fara da kaɗan, misali kilo 10 a kowace taya. A koma gona a sake awon juyi 10. Idan sulɓi bai sauko ba, a ƙara. Da zarar ya shiga tsakanin kashi 10 da 15, a tsaya.

Nauyi fiye da kima yana da tasa ɓarna. Yana ƙara shan mai. Yana gajiyar da giya da birki. Mafi muni, yana danƙare ƙasa, musamman fadama mai laka idan tana da danshi. Ƙasar da ta danƙare ba ta shan ruwa sosai, saiwa ba ta ratsa ta, albasa da dankali ba sa yin ƙwaya mai girma. Kafin a shiga gona, a dunƙule ƙasa a hannu. Idan ta dunƙule kamar yumɓu ta ƙi marmashewa, a jira ta sha iska. Idan aka gama huɗa aka koma aiki marar nauyi, kamar shuka ko jan ƙaramar amalanke, a kwance nauyin da ba a bukata.

Kiyaye lafiya

Mai walda ya sa gilashin walda na ainihi. Baƙin tabarau na rana ba ya kare ido daga hasken walda. Ya sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. A kori yara daga wurin, domin kallon hasken walda yana ƙona ido ko daga nesa. A nisanci kara da ciyawa da jarkar mai. Farin ƙarfe mai rufin tutiya, irin na bututun ruwa, yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi, saboda haka a yi aikinsa a fili.

Mai tuƙi kuma ya sani cewa tayar da ta daina sulɓi tana da sabon haɗari. Idan aka ɗaura wa tarakta abin da ya kafe, kamar kututture, kuma taya ta ƙi zamewa, gaban tarakta ne zai tashi. Cikin daƙiƙa 1 ko 2 tana iya kifewa ta baya. Saboda haka a ɗaura abin ja a maɗaurin da aka yi domin haka, ƙasa da tsakiyar taya. Kada a ɗaura igiya ko sarƙa a sama, kusa da kujera. A tashi a hankali. A rage gudu a kwana da gangara, domin tarakta mai nauyi ba ta tsayawa da wuri.

Bayan awa ɗaya ko biyu na aikin farko, a tsaya a sake ɗaure notoci. Daga nan a riƙa duba su kowace safiya tare da mai da ruwa.

Abubuwan tunawa

A auna sulɓi kafin a sayi ƙarfe.
Nauyin hana sulɓi a kan taya, nauyin daidaita sitiyari a gaba.
Dama da hagu su zama nauyi ɗaya.
A ɗaure da ƙusa mai noti, ba a walda a jikin taya.
Ba a narka dalma, ba a yanka duron mai.
Ba a ɗora mutum a matsayin nauyi.
Idan aiki mai nauyi ya ƙare, a kwance ƙarfe.

Aikin aji

1. Tarakta ta yi mita 20 a juyi 10 ba garma. Da garma ta yi mita 16. Mita nawa aka yi asara? Kashi nawa ke nan cikin 100? Tana bukatar nauyi ko a'a?
2. Falle yana da tsawon santimita 25, faɗi 20, kauri 1. Giram nawa ne nauyinsa? Falle nawa irinsa za a haɗa a samu kilo 20?
3. A garinku, wane mai walda ne zai iya wannan aiki? Idan ƙungiyarku tana da inji, ku tattauna yadda za ku haɗa kuɗin ƙarfe, da wanda za a ɗora wa nauyin duba notoci kowace safiya.